Tambayi Likita: Wa ke koyar da masu koyarwa a asibitin matakin farko?

Wasiƙun wannan fitowar ba daga marasa lafiya suka zo ba. Abokan aiki ne suka rubuto, masu duba jama'a a ƙananan asibitoci waɗanda aka ɗora wa nauyin koyar da ɗalibai a kan aikinsu. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda aka saba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wata cibiyar lafiya ta matakin farko. Duk zango makarantar koyon aikin lafiya takan turo mana ɗalibai su zo sanin makamar aiki, ni kuma ake danƙa wa su saboda na fi kowa daɗewa. Babu wanda ya taɓa koya min yadda ake koyarwa. In na tsaya yi musu bayani layi ya taru, mata su fara gunaguni. In na mai da hankali kan marasa lafiya, yaran su wuni a jingine da bango suna danna waya, ko su koma masu miƙo kati. Ƙarshen zango a kawo min littafinsu in sa hannu. Ina sawa, amma raina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Daga wata Sista

AMSA

Wa alaikumus salam Sista. Abin da ke wahalar da ke shi ne kina so ki yi irin koyarwar da aka yi miki a aji, wato ki tsaya ki ɗauko cuta tun daga tushe ki kai ta ƙarshe. Wannan ba ta yiwuwa a ɗakin duba marasa lafiya, ko da layin mutum uku ne. Koyarwar asibiti guntu-guntu ake yin ta, kuma yawancinta tambaya ce, ba bayani ba.

A 1992 wasu likitocin iyali a Jami'ar Washington da ke Amurka, Jon Neher da abokan aikinsa, suka fitar da wata hanya mai matakai biyar don mutum irinki, wanda ba shi da lokaci. Ta yi suna da koyarwar minti ɗaya, ko da yake a gaskiya takan ɗauki minti uku zuwa biyar. Bari in nuna miki ita a aikace.

An kawo yaro ɗan wata takwas, yana tari da zazzaɓi. Kin bar ɗalibarki ta fara ganinsa. Ta dawo ta jero miki abin da uwar ta faɗa, sai ta yi shiru tana kallonki, tana jiran ki yanke hukunci. A nan ne yawancinmu muke karɓe maganar. Kada ki karɓa. Ce mata, "To ke me kike gani yake damunsa?" Za ta yi ɗan murmushin kunya ta ce, "Kamar mura ce, Sista." Matakin farko ke nan, ta fito da ra'ayinta. Na biyu, ki nemi hujja: "Me ya sa kika ce mura? Me kuma kika yi tunani kika ajiye?" In ta ce hancinsa na yoyo kuma yana shan nono, kin gane inda iliminta ya kai. In ba ta ambaci numfashi ba, kin gane inda ya tsaya. Na uku, ki ba ta ƙa'ida guda ɗaya tak wadda za ta yi mata amfani a kan kowane yaro: duk yaro mai tari, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya yana cikin natsuwa, a kuma duba ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa. A tsarin kula da cututtukan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, numfashi 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 12 saurin numfashi ne, ga ɗan shekara 1 zuwa 5 kuwa 40 ko fiye. Na huɗu, ki faɗi abin da ta yi daidai, ki kama sunansa: "Tambayar da kika yi ko yana iya shan nono tana da muhimmanci, don rashin iya sha alamar haɗari ce." Na biyar, ki gyara kuskuren: "Ba ki ƙirga numfashi ba. Mu je mu ƙirga tare."

Kuka je, ta riƙe agogo, ta ƙirga 56. Ba sai kin ce mata komai ba bayan wannan. Kuma ki lura, ba ki ɓata wa uwar yaron lokaci ba, domin ke ma ƙirgawar nan za ki yi ko babu ɗaliba.

Abu mafi wuya a cikin matakan nan shi ne yin shiru bayan tambaya. Wata masaniyar ilimi Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a azuzuwa a farkon shekarun 1970. Ta gano malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su tsallaka kan wani. Da aka ƙara jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma suka fara buɗe baki. Ki gwada ƙirga uku a zuci. Za ki ji kamar an shekara, musamman in ana leƙo ƙofa, amma ki daure.

Maganar jingina da bango kuwa, tsari ne yake kawo ta, ba lalacin yaran ba. Ki ware wa ɗalibi mara lafiya guda, da izininsa, ya zauna da shi a wani lungu ya ɗauki bayani a tsanake, ke kuma ki sallami mutum biyu ko uku a wannan lokacin. In kin gama sai ku haɗu a kan nasa. Layi bai tsaya ba, ɗalibi kuma ya yi aikin gaske. Ki kuma raba nauyin. Mai yin riga-kafi ya ɗauki ɗaya da safe, ungozoma ta ɗauki ɗaya ranar awo, mai ba da magani ya nuna musu yadda ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Daɗewarki a wurin ba ta mai da ke kaɗai malama ba.

Ga aikin hannu, kamar allura ko awon hawan jini ko gwajin jini na gaggawa, akwai matakai huɗu da wani likitan tiyata, Rodney Peyton, ya tsara a 1998. Ki yi aikin da saurinki na kullum ba tare da magana ba. Ki sake yi a hankali kina bayani. Sannan ɗalibin ya riƙa faɗa miki abin da za ki yi, ke kina aikatawa. Sai a ƙarshe ya yi da hannunsa yana faɗi da bakinsa. Mataki na ukun nan shi ake yawan tsallakewa, shi ne kuma nake ganin ya fi amfani, don a nan kurakuran da ke kansa suke fitowa tun kafin ya taɓa jikin mutum.

Batun sa hannu a littafi, karanta amsar da ke biye, don ciwonku ɗaya da mai tambayar.

TAMBAYA

Ranka ya daɗe, ni ƙaninka ne a aiki, likitan iyali, kuma ina horar da sababbin likitoci da jami'an lafiya a asibitinmu. Ina da wani yaro a hannuna yanzu. A takarda gwani ne, ba abin da za ka tambaye shi bai sani ba. Amma yana katse marasa lafiya, ba ya karɓar gyara, kuma sau biyu ina kama ya rubuta cewa ya duba abin da bai duba ba. Lokacinsa ya kusa cika. In na ƙi sa hannu za a ce na tsane shi, in na sa kuma na san abin da na sakar wa jama'a. Ba ni da wanda zan yi shawara da shi. Shugaban asibiti ya ce in yi yadda na ga dama. Har na fara jin koyarwar ta fita raina gaba ɗaya.

Daga wani likita

AMSA

Ƙanena, jimlarka ta kusa da ƙarshe ita ce ainihin matsalar: ba ka da wanda za ka yi shawara da shi. Zan zo kanta, amma bari mu fara da yaron.

Rashin iya magana da marasa lafiya abu ne da ake koyo, kuma na ga waɗanda suka fi shi taurin kai sun gyaru. Rubuta abin da ba a duba ba wani abu ne daban. Wannan maganar amana ce, kuma ba a sa hannu a kanta don gudun surutu. Wani masanin ilimin likitanci Ba'amurke, George Miller, ya kasa ƙwarewar ma'aikacin lafiya hawa huɗu a 1990: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna yana iyawa, sai hawa na sama, abin da yake yi a zahiri a bakin aiki. Rubutacciyar jarrabawar makaranta tana auna hawa biyu na ƙasa. Na saman nan kai kaɗai kake ganinsa, shi ya sa aka turo maka shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin yi yanzu, tun kafin lokacin ya cika: ka zaunar da shi ku biyu, ba a gaban ma'aikata ba. Kada ka ce masa yana da girman kai, wannan zai buɗe gardama ne kawai. Ka faɗi abin da idonka ya gani, da ranar, da katin: rana kaza ka rubuta cewa ciki lafiya lau, ni kuma ina wurin ba ka taɓa cikin ba. Ka saurari abin da zai ce, don wani lokaci tsoron a ce yana da jinkiri ne, wani lokaci kuma akwai abin da ke cin sa a gida ko a jikinsa. Ku rubuta abin da ake so ya sauya da ranar da za a sake dubawa, ku sa hannu ku biyu. Ka nemi wani babba ya zauna ya kalle shi yana duba marasa lafiya, don kada hukuncin ya zama na ido ɗaya. Ka kuma sanar da makarantar ko hukumar da ta turo shi yau, ba ranar ƙarshe ba. Ƙarin wata biyu ko uku a horo ba kashe masa rayuwa ba ne. Masu nazarin ilimin likitanci sun daɗe suna rubutu a kan malaman da ke wuce da ɗalibin da suka san bai cancanta ba, kuma dalilan da malaman ke bayarwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ba su ajiye rubutacciyar shaida ba, suna tsoron rigimar ɗaukaka ƙara, ba su kuma san me za a yi wa ɗalibin in ya faɗi ba.

Yanzu kai. Tun taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, aka sake jaddadawa a birnin Astana a 2018, duniya ta yarda cewa matakin farko shi ne ginshiƙin kiwon lafiya. Makarantu suka yi ta tura ɗalibai ƙananan asibitoci, kuma sun yi daidai, don a nan ake ganin cututtukan yau da kullum. Abin da ba a cika tanada ba shi ne mai karɓar ɗaliban. Malamin babban asibitin koyarwa yana da abokan aiki a ofishin da ke kusa, ya leƙa ya ce, kai ma yaron nan haka yake yi maka? Kai kuwa kana can kai kaɗai da littafin sa hannu. Gajiyar da kake ji tana da suna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ma'aikaci a matsayin abin da aiki ke jawowa, ba cuta ba, da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita rai, da ganin ba ka tsinana komai. Ka riga ka ambaci ta biyu da bakinka.

Shawarata ita ce ka haɗa zaman masu koyarwa, kuma kada ka jira wata hukuma ta kira shi. Ka nemi mutum biyar zuwa takwas da ke karɓar ɗalibai a asibitocin da ke kewaye da kai. Ba sai likitoci zalla ba. Ungozomar da ta shekara ashirin tana koyar da 'yan mata awon ciki ta san abubuwa a kan ɗalibi mai taurin kai da ba a rubuta a ko'ina ba.

Akwai samfurin da za ku ara. Michael Balint, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Hungary, shi da matarsa Enid, sun fara tara likitocin iyali a asibitin Tavistock da ke Landan a farkon shekarun 1950. Ba lacca suke yi ba. Mutum ɗaya ne zai kawo labarin mara lafiyar da ya tsaya masa a rai, da ka, ba tare da takarda ba, sauran su tattauna abin da ke gudana tsakanin likitan da mara lafiyar. Har yau ana irin wannan zama a ƙasashe da dama, kuma a da yawa daga cikinsu in mai labari ya gama, yakan ja kujerarsa baya ya yi shiru yana sauraro, kamar ba a kansa ake magana ba. Ku sai ku sa ɗalibi a gurbin mara lafiya. Jan kujerar nan kamar wasa ne, amma shi ke hana zaman ya koma kare kai. Mutum yakan ji abin da ba zai ji ba in yana shirya martani. A irin wannan zama ne na ji wata ta tambayi ƙungiya, ba mai labarin ba, "Shin yaron nan ya taɓa ganin babba ya ce ban sani ba a gabansa?" Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan tattaunawar ta sauya hanya.

Ku sa rana tsayayya, sau ɗaya a wata ya isa, awa ɗaya da rabi. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, kuma ba a kama sunan ɗalibi. Shugabancin zaman ya riƙa zagayawa, in ba haka ba wanda ya fi girman muƙami zai mai da shi wa'azi. Kada wanda ke rubuta rahoton ƙarin girmanku ya zama jagora, don babu mai faɗin gazawarsa a gaban wanda ke riƙe da fayil ɗinsa. Ku kuma yi hattara da zaman ya zama dandalin kukan albashi da rashin kayan aiki. Kukan gaskiya ne, amma yana cinye awa ɗaya da rabi ba tare da an sani ba. Ku ba shi minti goma a farko, ku rufe.

In zaman ya kafu har kun saba da juna, ku ƙara abu guda: ku riƙa ziyartar juna, wani ya zauna a gefe ya kalli yadda kake koyarwa na rabin awa, ya faɗa maka abu ɗaya da ya burge shi da abu ɗaya da zai sauya. Yawancinmu mun shekara da shekaru muna kallon ɗalibai, babu wanda ya taɓa kallonmu.

In nisa ya hana haɗuwa, a yi ta bidiyo. A 2003 wani likitan hanta a Jami'ar New Mexico da ke Amurka, Sanjeev Arora, ya fara shirin ECHO, inda ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara ke haɗuwa da ƙwararru ta bidiyo duk mako, kowa ya kawo matsalar da ke hannunsa. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna masu ciwon hanta nau'in C da aka yi wa magani a waɗannan asibitoci sun warke daidai da na asibitin jami'ar, kusan kashi 58 cikin 100 a kowane ɓangare. Wancan a kan magani ne, ba koyarwa ba, amma abin da ya sa ya yi aiki shi nake so ka ɗauka: mutane ɗaya, rana ɗaya, matsalar gaske a kan tebur.

TAMBAYA

Likita, an gayyace ni bitar kwana uku ta horar da masu horarwa, har da takardar shaida. Wani abokina ya ce ɓata lokaci ne. In je?

Daga wani jami'in lafiya

AMSA

Ka je, Malam. Amma abokinka ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet Global Health a 2018, wanda ya tattara ɗaruruwan bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ya nuna horo shi kaɗai yana gyara aikin ma'aikata, amma gyaran ba shi da yawa. Ya fi ƙarfi idan an haɗa shi da sa ido a wurin aiki ko zaman warware matsala a ƙungiyance. Don haka ka tambayi masu shiryawa tun yanzu: za a sa mu mu koyar a gaban juna a gyara mana, ko zama za mu yi muna kallon majigi? Me zai biyo baya in an watse? In lacca ce zalla, ka je ka samo lambobin mutum uku da ke irin aikinka. Da su za ka fara zaman da na kwatanta a sama.

TAMBAYA

Mun buɗe zauren WhatsApp na masu koyar da ɗalibai. Wasu na turo hoton katin mara lafiya ko hoton ciwo don a yi darasi, wasu kuma na kawo ƙarar ɗalibi da sunansa. Na yi magana an ce na cika tsanani. Ni ce da laifi?

Daga wata ungozoma

AMSA

Ba ki da laifi, 'yar'uwa. Hoton da ya shiga waya ashirin ya fita daga hannun kowa. Rufe idon mutum da baƙin layi ba ya ɓoye shi ga wanda ya san shi, tabo ko zobe ko zanen da ke jikinsa ya isa. Katin kuwa yana ɗauke da suna da lamba da rana. In darasi ake so, a rubuta labarin da kalmomi, a cire duk abin da zai nuna mai shi. In hoton ya zama dole, sai da izinin mai jikin, bayan an gaya masa su wa za su gani.

Ɗalibi ma yana da haƙƙi. Wanda aka yi wa tambari a zaure zai tarar da sunansa ya riga shi isa asibitin da za a tura shi gaba, tun bai buɗe baki ba. Zauren ya tsaya a kan sanar da ranar zama, raba kayan koyarwa, da gajerun tambayoyi irin su wa ke da hanya mai sauƙi ta koyar da cike takardar bibiyar naƙuda. Maganar ɗalibi mai matsala a bar ta sai an haɗu ido da ido, ko a kira mutum ɗaya a waya. Ki rubuta waɗannan ƙa'idoji cikin layi uku ko huɗu, ki ba mai kula da zauren ya liƙa su a sama da sunansa, don kada a ce ke ce kike kafa wa mutane doka.